Toka, gurguzu, dusa ko ƙwallon mangwaro: wanne ya kamata ka mayar kayan gyaran jiki?

Kasuwar kayan gyaran jiki ta karkata ga abin da aka samo daga tsiro. Masu haɗa man shafawa da sabulu a Kano da Kaduna da Abuja suna neman man kaɗe, man kuka, sabulun salo da garin dilka, kamfanonin Turai kuma suna son su rubuta a jikin kwalba cewa mansu daga ragowar amfanin gona ya fito. Shi ya sa mutane da dama ke kallon tulin ƙwallon mangwaro a bakin kasuwa, ko buhunan dusa a bayan injin casar shinkafa, suna buga lissafin riba. Lissafin yakan rushe ne a wuri biyu, wato yawan man da injin da ke hannunka zai iya fitarwa, da kuma ɗan lokacin da kayan ke ɗauka kafin su lalace. Farashin lita da ake gani a intanet ba ya faɗa maka ko ɗaya daga cikin biyun.

Akwai kuma abin da baƙo ba ya lura da shi. A ƙasar Hausa abin da ake zubarwa da gaske a gona kaɗan ne. Dusa abincin dabbobi ce mai kuɗi, harawa da kowa ana sayar da su da tsada idan rani ya yi nisa, kara ana danga da shi ana girki, gurguzu kuma, wato irin yakuwa, mata na yin daddawar batso da shi. Duk abin da ka zaɓa akwai wanda ya riga ka saye, kuma ranar da aka ga ka kawo mota kana loda, kyauta ta ƙare.

Lissafin injin matsa

Injin matsar mai irin na gyaɗa da riɗi ba ya tsane iri ƙarƙaf. Ko mai kyau ne yakan bar kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na mai a cikin tunkuza, ƙananan injinan matsar sanyi, wato masu matsa ba tare da man ya yi zafi sosai ba, kuwa sukan bar kashi 10 ko fiye. Wannan adadi ɗaya shi ke yanke hukunci a kan kusan kowane iri.

Ɗauki kilo 100 na irin da ke da kashi 20 na mai. Abin da ba mai ba kilo 80 ne. Idan tunkuzar ta riƙe kashi 7, nauyinta zai kai kilo 86, wato kilo 6 na mai ya tafi da ita, kai kuma ka samu kilo 14. Yanzu ɗauki kilo 100 na irin da ke da kashi 10 kacal. Tunkuza za ta kai kusan kilo 97, abin da zai ɗigo maka kilo 3 ne da ɗan kai. Man da ke cikin irin ya ragu da rabi, amma abin da ya zo hannunka ya ragu fiye da ninki huɗu. Idan kuwa injinka na barin kashi 10, ko cokali ba za ka gani ba. Gyaɗa da riɗi da ƙwarar kaɗanya suna da kashi 40 zuwa 55, shi ya sa ko turmi da ruwan zafi ke fitar da mansu. Ragowar gona yawanci tana tsakanin kashi 8 zuwa 20, daidai inda bambancin inji ke zama bambancin riba da asara.

Manyan masana'antu suna ƙetare wannan matsala da sinadarin hekzen, wanda ke narkar da man ya bar ƙasa da kashi 1 a cikin dusa. Hekzen yana tafasa a digiri 69, tururinsa kuma yana kamawa da ɗan tartsatsi. Aikin rufaffen inji ne, ba na tsakar gida ba. Wanda ya ba ka shawarar ka gwada da fetur yana neman ransa da naka, kuma man da aka fitar haka bai halatta a shafa wa kowa a jiki ba.

Toka: ƙaramin jari, doguwar tsayuwa a bakin wuta

Wannan ita ce hanya ɗaya da ba ta buƙatar inji ko lantarki, kuma kasuwarta tana nan tun kaka da kakanni. Sabulun salo, wanda Yarabawa ke kira ose dudu, a Gana kuma alata samina, ana yin sa ne da mai da ruwan toka. Abin da ke aiki a cikin tokar shi ne fotash, gishirin da tsiro ya zuƙo daga ƙasa.

Ba kowace toka ce ke da shi da yawa ba. Ɓawon koko, ɓawon ayaba da na agada, da nonon kwakwar manja da aka cire wa 'ya'ya su ne kan gaba, kuma duk amfanin kudu ne, shi ya sa sana'ar ta fi ƙarfi a ƙasar Yarabawa da Gana. A arewa abin da ke hannu shi ne ɓawon ayaba da agada daga kasuwannin kayan marmari da wajen masu suya, totuwar masara, karan riɗi, karan dawa da na gero. Totuwa tokarta na da kyau amma kaɗan take bayarwa, kusan kilo 2 a cikin kilo 100. Busasshen ɓawon ayaba yakan ba da kusan kashi 10. Buntun shinkafa kuwa kada ma ka ɓata wutarka, domin kusan kashi 90 na tokarsa silika ce, wato dangin yashi, ba ta yin sabulu. Haka nan duk tokar da aka kwaso daga bola inda aka ƙona leda, batir ko gwangwanin fenti, tana iya ɗauke da dalma da sauran ƙarafa masu guba, kuma tacewa ba ta cire su.

Ana shanya ɓawon har ya riƙa karyewa a hannu, sannan a ƙona shi a rabin duro mai huji a gindi, ana juyawa domin iska ta ratsa. Abin nema toka ce mai launin toka-toka zuwa fari. Idan ta fito baƙa, gawayi ne bai gama ci ba, fotash ɗin yana maƙale a ciki. Idan kuma wuta ta yi tsanani har tokar ta dunƙule ta yi ƙarfi, wani ɓangaren fotash ya tashi, wani ya narke ya haɗe da yashi, ruwa ba zai fitar da shi ba.

A jiƙa kilo 1 na toka a lita 4 zuwa 5 na ruwan zafi, a bar shi ya kwana. Ruwan sama ya fi, saboda ruwan rijiya mai gartsi yana cinye wani abu daga ƙarfin tokar kuma yana kashe kumfa. A tace ta ƙyalle mai kauri a cikin kwando, a sake zuba ruwan a kan tokar karo na biyu. Daga nan sai tafasawa. Tsohon gwaji shi ne a saka ɗanyen ƙwai sabo: idan ya nutse ruwan bai yi ƙarfi ba, idan ya taso har wani ɓangare kamar faɗin kwabo ya leƙo sama, ya isa. Wanda ke son sabulunsa ya riƙa fitowa iri ɗaya kullum sai ya wuce nan, ya ƙafe ruwan gaba ɗaya har ya zama gishiri mai launin ƙasa, domin gishiri ana iya auna shi a sikeli.

Ga ma'aunin farawa. Kilo 1 na alayyadi, wato man ƙwarar kwakwar manja, yana buƙatar kusan giram 300 na tsantsar fotash. Kilo 1 na man kaɗe yana buƙatar kusan giram 220. Idan tokarka na da kashi 40 na fotash, kana buƙatar giram 750 na toka ga kilo 1 na alayyadi, wato kilo 7 zuwa 8 na busasshen ɓawo. Gishirin da ka ƙafe ba tsantsa ba ne, akwai wasu gishirai a ciki da ba sa yin sabulu, don haka a aikace za ka zuba fiye da lissafi. Fara da rabin kilo na mai ka gano ƙarfin tokarka kafin ka ɗora babbar tukunya.

Ana ɗumama man, a riƙa zuba ruwan tokar kaɗan-kaɗan ana juyawa a kan wuta marar ƙarfi. Zai yi kumfa ya taso, don haka kada kayan su wuce sulusin tukunya. Fotash na toka ba shi da zafin soda, yana ɗaukar sa'o'i kafin ya cinye man, kuma gaggawa ita ce ke sa sabulu ya fito da maiƙo a sama da kaifi a ƙasa. Ɗebi kaɗan ka narkar a ruwan ɗumi: idan mai ya taso, da sauran dahuwa ko da sauran toka. Idan takardar gwajin pH, wadda ke auna kaifin sabulu, ta wuce 11, toka ta yi yawa, sai a ƙara mai. Sabulun wanka mai kyau yana tsakanin 9 da 10 da rabi. A bar shi ya sha iska mako biyu a inuwa, sannan a naɗe, domin sabulun fotash yana jan laima, da damina sai ya yi laushi ya riƙa naso.

Kada ruwan toka ya taɓa tukunyar alminiyam, har da irin wadda maƙera ke zubawa, domin yana cin ta, sabulun ya yi baƙi-baƙi, tukunyar ta huje. Rabin duro na ƙarfe ko tukunyar sitenles su ne daidai. Safar hannu da gilashin kare ido dole ne, ruwan toka mai kauri yana ƙona fata, a ido kuwa yana iya makantarwa.

Inda ribar ke zurarewa shi ne itacen ƙafe ruwa. Dabarar da ta fi ita ce a yi girkin da totuwar ko karan da ake son tokarsa, wuta ɗaya ta yi aiki biyu. Tokar da aka tace kuma a mayar da ita gona, domin wanda ke kwashe kara duk shekara yana ƙonawa a wani wuri fotash ɗin gonarsa yake sayarwa a cikin sabulu, kuma zai biya kuɗinsa a buhun taki.

Gurguzu da guntsu (ƙwallon kuka): ga mai injin matsa

Idan akwai inji, waɗannan biyun su ne suka fi cancanta a duba, kuma dalilin yanayi ne kafin komai. Ana girbin zoɓo daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, 'ya'yan kuka kuma da rani suke nuna. Iska a bushe take, kayan suna zuwa hannunka kusan a bushe, babu tseren da ake yi da ruɓa.

Gurguzu, wato irin yakuwa, shi ne ragowar gona ta haƙiƙa. Jigawa ce kan gaba a noman zoɓo a Najeriya, ana fitar da furen zuwa ƙasashe irin su Meziko, irin kuma yana saura a hannun manomi bayan ya ware na shuka. Yana da kusan kashi 18 zuwa 20 na mai, ɓawonsa bai kai ya wahalar da inji ba. Man ba shi da nauyi a fata, yana da sinadarin linoleyik da yawa, abin da masu haɗa man fuska ke so. Wannan sinadarin kuma shi ke sa ya yi saurin yin maƙaƙi idan ya sha iska da haske. Rauninsa na gaske a kasuwa yake: mai saye bai san sunansa ba kamar yadda ya san man kaɗe. Za ka fi saurin juya shi idan kai ne ke zuba shi a sabulu ko man gashi, ko kana da mai haɗawa da ya yi alkawarin ɗauka.

Guntsu, ƙwallon da ke cikin 'ya'yan kuka, akasin haka ne. Sunansa ya riga ya shiga kasuwar duniya, musamman tun 2008 da Tarayyar Turai ta amince a sayar da farin garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci, masu sarrafa garin a Sanagal da Gana da kudancin Afirka suka riƙa matse ƙwallon da ya rage. Man yana jure ajiya fiye da na gurguzu, domin kusan sulusinsa kitse ne mai kauri. Sai dai ƙwallon yana da taurin tsiya. Man da ke cikinsa da ɓawo bai cika wuce kashi 12 zuwa 15 ba, ƙaramin inji kuma sau da yawa ba ya kai kashi 10. Idan aka zuba shi yadda yake, inji zai yi zafi, man ya ƙone ya yi duhu, dunƙulen ƙarfen da ke matsawa ya cinye cikin 'yan watanni. A fara farfasa shi a injin ɓarza, a sheƙe wani ɓangare na ɓawon. Kada a cire duka, domin inji na buƙatar ɗan ƙaiƙayi da zai kama, in ba haka ba ƙwayar sai ta zama ƙullu ta riƙa zamewa. Wanda ke karɓar guntsu daga masu jiƙa kuka don yin abin sha ya sani cewa jiƙaƙƙe ne kuma da zaƙi a jikinsa, dole a wanke a shanya a ranar, in ba haka ba kwana biyu ya isa ya yi hunhuna.

Gurguzu da guntsu dukansu suna ɗauke da wani nau'in kitse da ba a son a riƙa ci da yawa idan ba a tace man a masana'anta ba. A fata babu damuwa, amma kada a tallata su a matsayin man girki, kuma tunkuzarsu a riƙa ba dabbobi da awo, musamman kaji masu ƙwai.

Ƙa'idar matsa ɗaya ce. A rairaye tsakuwa, a bi da maganaɗisu don ƙusa da guntun ƙarfe. Laimar iri ta kasance kusan kashi 6 zuwa 8: idan ta yi yawa man zai fito da ruwa-ruwa da laka, idan iri ya bushe ƙayau kuma inji zai toshe ya riƙa hayaƙi, sai a yayyafa ɗan ruwa a rufe ya kwana. A sa ma'aunin zafi a bakin da mai ke fita, kada ya wuce digiri 45 zuwa 50 idan za a kira shi matsar sanyi. A bar man ya kwanta kwana uku zuwa mako ɗaya, a tsiyaye na sama, a tace. A cika jarka ko kwalba mai duhu har wuya don kada iska ta samu wuri, kuma a nisanta shi da tagulla da ƙarfe mai tsatsa, su ne ke hanzarta maƙaƙi. Ana iya ƙara bitamin E, giram 1 zuwa 5 a kilo.

Tambaya ɗaya da dole a yi wa dillali ita ce ko an sa wa buhun magani. Masu ajiyar hatsi da yawa suna zuba fiya-fiya don ƙwari, irin maganin nan kuma a cikin mai yake narkewa, ya bi shi har kwalba. Ragowarsa ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Saye daga hannun manomi lokacin girbi ya fi saye a rumbun ɗan kasuwa bayan wata biyar.

A gefe guda, wanda ke Yobe, Barno, arewacin Jigawa ko Damagaram ya duba ƙwallon aduwa. Ƙwayar cikinsa tana da mai kashi 40 zuwa sama, lissafin inji yana goyon bayanta sosai. Wahalar duk a fasa ƙwallon take, kuma ƙwayar ƙarama ce idan aka kwatanta da nauyin da aka ɗauko.

Dusar shinkafa: mai nagari, amma agogo na gudu

A kan takarda babu kamarta. Ana samunta duk shekara a Kura, Haɗeja, Argungu da duk inda ake casa. Tsantsar dusa tana da kashi 15 zuwa 20 na mai, man kuma yana ɗauke da orizanol, wanda ke kare shi daga lalacewa kuma masu haɗa man fata ke daraja shi. Indiya da Japan sun daɗe suna fitar da shi, matan Japan ma tun da can suna wanke fuska da dusar a cikin ƙaramar jakar ƙyalle.

Matsalar farko tana farawa ne a daidai lokacin casa. A cikin ƙwayar shinkafa akwai wani enzayim, wato sinadarin halitta mai farfasa mai, da ke zaune nesa da man. Inji na goge ƙwayar sai su haɗu, ya fara farfasa man yana mayar da shi asid. Cikin kwana ɗaya a yanayin zafi tsamin ya haura abin da mai saye zai karɓa, cikin wata guda fiye da rabin man na iya lalacewa. Maganinsa zafi ne cikin sa'o'in farko: a turara dusar minti 15 zuwa 20 a busar da ita nan take, ko a soya ta a busasshen kasko a kusan digiri 110 na minti 20 zuwa 30 ana juyawa kada ta ƙone. A nan Najeriya ta yi sa'a, domin mafi yawan shinkafarmu ana turara ta kafin casa, gumin kuma ya riga ya kashe enzayim ɗin. Dusar shinkafar da aka turara ta fi ajiyuwa kuma ta fi mai. Ta shinkafar tuwo, wadda ba a turara ba, ita ce mai saurin lalacewa.

Matsala ta biyu ta fi wuya. Ƙananan injinan casa na unguwa suna fitar da dusa da buntu a haɗe. Buntun yana rage yawan man zuwa ƙasa da rabi, silikar da ke cikinsa kuma tana cin injin matsa kamar ana goga shi da yashi. Tsantsar dusa sai a manyan injina masu cire buntu daban su goge ƙwaya daban, su kuma sun san darajarta, masu abincin kaji da kifi suna layi. Ko an same ta, gari ce mai laushi da ba ta matsuwa da kyau, ɗanyen man kuma yana fitowa da duhu da kakin da sai an sanyaya an tace. Man dusa sana'ar mai babban jari ce da ke maƙwabtaka da babban injin casa.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, amfanin dusa yana cikin garinta. A soya ta kamar yadda aka faɗa, a niƙa, a tankaɗe da rariya mafi laushi har sau biyu, a sa a dilka ko sabulu, kamar cokali ɗaya zuwa biyu a kilo na sabulu. Murza garin tsakanin yatsu da ɗan ruwa: idan ka ji ƙaiƙayi, akwai buntu, zai karce fuskar amarya. A sayar da shi a bushe, mai amfani ta kwaɓa lokacin da za ta shafa. Duk abin da aka kwaɓa da ruwa aka rufe a roba ba tare da sinadarin hana ruɓa ba, cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin cuta sun cika shi, bitamin E kuma ba ya hana wannan.

Ƙwallon mangwaro: wanda ya fi ruɗin mutane

Man yana da kyau ƙwarai. Daskararre ne kamar man kaɗe, yana narkewa da ɗumin jiki, ba shi da wari mai ƙarfi, har dokar cakulan ta Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta sa shi cikin mayuka shida da aka yarda a gauraya da man koko, tare da man kaɗe. Daga Maris zuwa Yuni kuma ƙwallon yana zube ko'ina daga Binuwai har Zariya.

Amma bi nauyin. Tan ɗaya na mangwaro yakan ba da kusan kilo 150 na ƙwallo, gwargwadon iri. A fasa, a samu kamar kilo 90 na ɗanyar ƙwaya, ta bushe ta koma kusan kilo 50. Man da ke ciki kashi 8 zuwa 12 ne, wato kilo 5 gaba ɗaya, injin matsa kuma zai ba ka kilo 1 zuwa 2 idan ya yi kirki. Shi ya sa kusan duk man mangwaron da ke kasuwar duniya, wanda mafi yawansa daga Indiya yake, da sinadari ake fitar da shi. Masu gwada hanyar man kaɗe, wato a niƙa a dama da ruwa a tafasa, suna gamuwa da wani abu daban: fiye da rabin ƙwayar sitaci ne, yana jin ruwan zafi sai ya yi kauri ya zama talge, ya riƙe ɗan man da ke ciki ya hana shi tasowa.

Ga kuma lokaci. Ƙwallon yana zuwa da zaƙi da danshi a daidai shigowar damina. Dole a wanke, a fasa cikin kwana ɗaya ko biyu, a yayyanka ƙwayar sirara, a shanya a kan tampol ko raga, ba a ƙasa ba, kuma ba a kan hayaƙi ba. Ƙwayar da ta yi baƙi a ciki ko ta yi hunhuna a zubar, tana iya ɗaukar gubar afalatoksin. Hanyar da ke da ma'ana ita ce tara busasshiyar ƙwaya a buhun algarara don sayar wa masana'anta, kuma wannan ma sai an samu mai saye da farashi a rubuce kafin a fara. Wanda ke kusa da kamfanin matsar ruwan mangwaro, inda ƙwallo ke taruwa wuri ɗaya, shi ne kaɗai lissafin sufuri zai yi wa sauƙi.

Ɓawon lemu a taƙaice: masu fere lemu a bakin titi suna zubar da daidai fatar da ke ɗauke da man ƙanshi. A shanya a inuwa, a niƙa, ya shiga dilka da sabulu, babu jari sai tabarma. Fitar da man ƙanshin kansa yana buƙatar tukunyar turara mai bututun sanyaya tururi, kuma abin da ke fita bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 na ɗanyen ɓawo ba. Fiye da kashi 90 na man wani sinadari ne mai suna limonene, wanda idan ya tsufa ya sha iska yake sa ƙaiƙayi. Man ɓawon lemun tsami da aka matse kuwa yana ƙona fata idan aka shiga rana da shi, kada a sa shi a man shafawa.

To wanne?

Mai jarin da bai wuce na duro da sikeli da galan na mai ba, toka ce tasa, ya haɗa da garin dusa da ɓawon lemu don sabulun ya bambanta da na kowa. Ƙungiyar mata ko matasa da ke da injin matsar riɗi ko gyaɗa, wanda ke zaman banza wasu watanni, su fara da gurguzu saboda sauƙinsa ga inji, su shiga guntsu bayan sun samu injin ɓarza da mai saye. A wanke injin sosai tsakanin gyaɗa da man shafawa, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar gyaɗa ko kaɗan. Man dusa da man mangwaro a bar wa masu masana'anta, ƙaramin ɗan kasuwa ya tsaya a matsayin mai kawo musu kaya busasshe mai tsabta.

Kafin a sayi tan, a gwada kilo 20. A auna abin da ya shiga, man da ya fita bayan tacewa, tunkuza, kuɗin dizal da na ma'aikata, sannan a cire kuɗin da tunkuzar za ta kawo, domin a irin waɗannan kaya sau da yawa ita ke biyan kuɗin inji. A kai samfur ɗakin gwaji na jami'a ko kwalejin kimiyya a auna abu uku: laima, yawan asid, da ma'aunin firoksayid mai nuna maƙaƙi. Masu saye da yawa suna aron iyakar da hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa wa man matsar sanyi, wato asid kada ya wuce 4, firoksayid kada ya wuce 15. A zuba man a kwalabe uku, ɗaya a ɗaki mai duhu, ɗaya a bakin taga, ɗaya a buɗe, a riƙa shinshinawa duk mako har wata uku, daga nan ne za a san ranar lalacewar da za a rubuta a jikin kaya. Duk abin da za a saka a kwalba da suna a kai shago kuma yana buƙatar rajistar NAFDAC, masu neman fitarwa Turai su shirya takardar da ke nuna inda aka samo irin da yadda aka biya masu tara shi, domin masu saye suna tambaya tun da yarjejeniyar Nagoya, ta ƙasashen duniya kan raba amfanin albarkatun tsirrai da halittu da masu su, ta fara aiki a 2014.